Bakin Robar Ake Karantawa, Ba Saman Ruwan Ba

Ƙannena masu sha'awar kiwon kifin ado da murjani a akwatin gilashi, na shafe kusan wata uku ina rubuta sakamakon ƙarya na gwajin ruwan akwatina a littafina da hannuna, kuma ba kayan gwajin ne suka yaudare ni ba, idona ne bai san inda zai tsaya a jikin sirinji ba.

Kayan da nake amfani da su na kamfanin Salifert ne, na auna KH, wato ƙarfin ruwa na tare tsami, wanda murjani ke dogaro da shi wajen gina ƙashinsa. Ana ɗebo mililita 4 na ruwan akwatin, a ɗiga masa sinadarin launi, sannan a cika sirinjin mililita 1 da sinadari na biyu, a riƙa sakinsa ɗigo-ɗigo ana jujjuya kwalbar har launin ya juye daga shuɗi-kore zuwa ja-ja. Lambar da sirinjin ya tsaya a kai ita ake kaiwa jadawalin da ke zuwa da kayan, kuma tana nuna abin da ya rage a sirinjin ne, ba abin da aka zuba ba.

Ga inda na faɗi. Idan aka saka ɗan tsinin roba a bakin sirinjin aka ja sinadari, dole iska ta bayyana tsakanin baƙar robar sandar turawa da ruwan, domin iskar da ke cikin tsinin ce ta hau sama, sinadari kuma ya maye gurbinta a ƙasa. Ba ta ɓata komai, tunda gwargwadon tafiyar da sandar ta yi, gwargwadon abin da ya fita ke nan. Takardar da ke cikin kwalin ma ta faɗi haka, amma ganin ni tsohon hannu ne, ban karanta ta ba. Sai na riƙa farawa da bakin robar a kan 1.00, in ƙare da karanta saman ruwan, na haɗa ma'auni biyu a gwaji ɗaya.

Tazarar iskar a sirinjina ta kai kusan 0.1 na mililita, kuma a wannan jadawali hakan ya haura dKH (ma'aunin da ake lissafa KH da shi) ɗaya da rabi. Ranar da robar ta tsaya a 0.56, wato kusan dKH 6.7, ni 0.46 na rubuta, na ɗauka ruwana yana wajen 8.3. Ruwan teku kansa yana wajen 7, don haka hankalina ya kwanta, har na rage sinadarin ɗaga KH da nake ƙara wa ruwan, alhali ruwan ƙasa yake yi. Sai da murjanina suka daina girma, wani abokina ya maimaita gwajin a gabana da kayana, sannan na gane.

Saboda haka ku bar tsinin a nutse cikin sinadarin har ku gama ja, domin iskar da aka zuƙo daga waje ita ce mai ɓarna. Ku tsayar da gefen robar da ke fuskantar ruwa daidai kan 1.00, idan launi ya juye kuma ku karanta wannan gefen dai, sirinjin yana daidai da idonku, ba daga sama ko daga ƙasa ba. Idan robar mai tsini ce a tsakiya, zoben gefenta ake dubawa, ba kan tsinin ba. Kowane ƙaramin layi 0.01 ne, shi ya sa idan launi ya fara rawa ya kamata ku sassauta hannu, ɗigo ɗaya ku jujjuya.

Babban sirinjin ɗiban ruwa kuwa hukuncinsa daban ne, domin ana juye shi ne gaba ɗaya, don haka ku fitar da kumfar da ke ciki kafin ku tsaya a kan 4. Kada kuma ku ɗauki sirinjin gwajin kalsiyam ku tsoma a na KH. Ni yanzu nakan manna farin salatif mai ganin ciki a kan lambobin tun sirinjin yana sabo, saboda jiƙaƙƙen hannu yana goge su da wuri.