Yadda muke tsara fitar yini ɗaya a yankin Cape Coast

Daga Akra zuwa Cape Coast kilomita kusan 150 ne, amma direban da ya san hanya da Kasoa yake lissafi. Garin nan da ke kan hanyar ya samo sunansa daga kalmarmu ta kasuwa, kuma ya ci sunan wajen cunkoso. Motar da ta bar Akra ƙarfe biyar na asuba takan isa cikin awa uku, wadda ta yi nawa har bakwai kuwa tana iya cin awa biyar. Shi ya sa mu masu kai baƙi yawon buɗe ido muke gaya musu tun daren jiya cewa ana idar da sallar Asuba za a tashi, karin kumallo a cikin mota.

Baƙo yakan zo da wurare huɗu a ransa: dajin Kakum, tsohon gidan tsare bayi na Cape Coast, na Elmina, da bakin teku. A yini ɗaya uku ake yi a natse, kuma jerin da aka bi shi ne rabin aikin.

Kakum ake fara zuwa, kilomita kusan 30 arewa da gari. Gadojin igiya bakwai ne a rataye tsakanin manyan itatuwa, tsawonsu duka ya kai mita 350, wani wurin kuma mutum yana sama da ƙasa da fiye da mita 30. Faɗin abin takawa bai wuce na katako ɗaya ba, bi da bi ake wucewa, don haka in motocin 'yan makaranta suka riga ku, musamman Asabar, kun shiga dogon layi. Kafin a kai gadar farko akwai hawan tudu na kamar minti ashirin cikin zafi mai gumi. A nan dattawa da masu hawan jini suke sarewa, don haka tun a mota muke tambaya, wanda ba zai iya ba ya zauna a rumfar shiga. Takalmi rufaffe muke so. Silifa tana santsi, doguwar riga kuma a tattare ta. Akwai giwaye a dajin, amma ba ma yi wa kowa alkawarin ganinsu, don ba sa kusantar hayaniyar mutane. Wanda ya yi wannan alkawari ya sayi rigima da kuɗinsa.

Daga nan sai Elmina, wajen sha ɗaya da rabi. Turawan Fotugal suka gina gidan a 1482, na Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Zagayen yana ɗaukar kusan awa ɗaya tare da ɗan jagoran wurin, ba mu ke bayani a ciki ba. Kurkukun ƙasa duhu ne, iska ba ta ratsa shi, mai asma ya tsaya kusa da ƙofa. Wasu baƙi, musamman waɗanda suka zo daga Amurka neman tushensu, sukan fito da hawaye, kuma kuskure ne babba a ce musu su hanzarta mota na jira. Minti ashirin muke warewa bayan fitowa, ba a rubuce yake a jadawali ba amma yana cikin lissafinmu. Ba ma haɗa gidajen bayi biyu a jere sai baƙo ya nace, domin na biyun yakan same shi a gajiye, jiki da zuciya. Haka Assin Manso, garin da ke da kogin da aka yi wa bayin da aka gangaro da su daga kasuwanni irin Salaga wankan ƙarshe, rana daban muke ba shi.

Ranar Talata masunta ba sa shiga teku. Mai son ganin ana sauke kifi kada a kawo shi ranar, mai son hoton jiragen ruwa masu fenti jere a bakin tafkin Benya kuwa ranarsa ce. Ko ta yaya, a nemi izini kafin a ɗaga waya, masunta ba sa wasa da wannan. Talatar farko ta Yuli bikin Bakatue ne a Elmina, Asabar ta farko a Satumba kuma Fetu Afahye a Cape Coast. Gari yakan cika, hanyoyi su toshe, masauki ya yi wuya.

Kuɗin shiga na ɗan Gana daban, na baƙo daban, kuma ɗan Najeriya ko Nijar baƙo ne a wurin mai yankan tikiti. Ƙananan kamfanoni da yawa a nan suke asara: su yanka farashi da lissafin ɗan ƙasa, a bakin ƙofa su cika daga aljihu. Muna tambayar takardar shaidar kowa tun wajen ciniki, mu kuma riƙe sidi a hannu don momo, wato biyan kuɗi ta waya, yakan ƙi tafiya a daji.

Bas mai kujera 15 mutum 12 muke sa mata, sauran wurin na akwatin sanyi ne, da ruwan gora babba biyu ga kowane mutum, da butoci da tabarma. Abincin rana a zango, unguwar Musulmi, muke yin odarsa tun safe, wake da shinkafa ko tuwo, don hankalin baƙo ya kwanta game da yanka. Azahar da La'asar matafiya sukan haɗa su a masallacin gari.

Teku kuwa kallo ne da jiƙa ƙafa. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana jan mutum ta ƙasa ko da sama ta yi lumui, kuma yawancin wuraren babu mai ceto. Gishirinta ma bai bar mota ba, duk mako sai an wanke ƙarƙashinta, in ba haka ba tsatsa ta cinye salansa. A watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, muna ajiye Elmina a matsayin madadin safe in hadari ya haɗo ta wajen Kakum.

Ƙarfe uku da rabi mota ta juya. Wanda ya ƙara awa ɗaya a bakin teku zai biya ta ninki biyu tsakanin Mankessim da Kasoa, cikin duhu, tsakanin manyan motoci.