Abin da mai injin shinkafa zai iya ɗaukowa daga taron 'yan kasuwa

Tarukan ƙara wa juna sani da ake shirya wa masu ƙananan masana'antu a Kano kusan kamarsu ɗaya: ɗaki mai sanyi, majigi, da masu jawabi da Turanci cike da baki. Rabin maganar an ɗinka ta ne daidai jikin kamfani mai ma'aikata ɗari. Amma in aka sheƙe ƙaiƙayin, akwai tsabar da za ta amfani mai injin shinkafa a Kura ko Garun Malam, mai yaran aiki shida da injin dizal ɗaya.

Wadda ta fi nauyi ita ce maganar awo. Mu nan da buhu muke ciniki, shi kuwa buhu ba shaida ba ne: wani an danƙare shi, wani sako-sako, wani shansherar da danshinta aka ɗinke. Sikeli ke raba gardama. Kilo 100 na shanshera mai kyau yakan ba da kilo 60 zuwa 65 na gyararriyar shinkafa, sauran buntu ne da dusa. In littafi ya nuna 55 kwana uku a jere, kada a fara da tsare yara da zargin sata. A duba danshi tukuna. Shinkafa tana son danshinta ya sauko wajen kashi 14 cikin 100 kafin ta shiga inji. In ta fi haka laima, sai ta cuɗe ta toshe rariya. In kuma an bar gumi a kan siminti cikin ranar bazara ya bushe farat ɗaya, ƙwayar takan tsage daga ciki, ta fito gutsi-gutsi. A shanya, a riƙa juyawa, a tattara a inuwa ta kwana kafin a zuba. Tsofaffin hannu da haƙori suke ganewa, to amma haƙorin maigida ba ya nan ranar da ya tafi Dawanau. Ƙaramar na'urar gwada danshi kuwa tana nan a rataye.

Nan shugabancin yake, ko da masu jawabin ba da wannan sunan suka kira shi ba. Injin da ba ya tafiya sai Alhaji na tsaye bai zama kamfani ba tukuna. Abin da ke kan maigida ya kamata ya sauko kan takarda a manna a bango: awa nawa ake jiƙo, yaushe ake sauke turare, kwana nawa ake canja baƙin mai, wa ke riƙe da mabuɗin sito.

Sai yadda ake biyan mai tuƙa inji. Wanda ake biya da yawan buhu kawai zai buɗe maƙogwaron inji ya matse wuƙa don ya yi sauri, karaya ta yi yawa, bel ya ci wuta. Ba mugunta ba ce, abin da aka saya a wurinsa ke nan. A raba ladan: kaso a kan buhu, kaso a kan yawan lafiyayyar ƙwaya da litar dizal ɗin da ya ƙona. Kuma idan yaro ya zo ya ce, "Alhaji, boris ɗin nan ya fara kuka," amsar ita ce, "Madalla, kashe mu duba." Wanda aka daka wa tsawa gaban masu kawo casa, gobe zai ji kukan ya yi shiru, har shaf ya lalace ana tsakiyar kaka.

Aljihun maigida da akwatin ciniki su rabu. Ya yanka wa kansa albashi, cefane da biki su fito daga ciki. Bashin dillalai a sa masa iyaka da rana, a rubuta gaban mai shi, ko da surukinka ne. Littafin da ake rubuta cinikin nan shi Bankin Masana'antu zai nema bayan rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shi ne kuma zai sauƙaƙa fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in, in shekara ta zagayo.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne zugar da ake yi a ci bashi a sayo injin tantance launi. Yana da kyau, amma yana son wuta tsayayya da iska mai matsi, kuma in ya tsaya mai gyaransa ba a Bunkure yake ba. Uwargida ba don baƙar ƙwaya ɗaya take canja shinkafa ba, don tsakuwa ce. Injin cire tsakuwa ya kamata ya fara shigowa, sannan tamfol na shanya, don kada shanyar bakin titi ta sake kwaso tsakuwar da aka cire.