Injin Datsun 240Z: kafireta ce ta ƙarshe a taɓa

Da zarar tsohuwar mota ta fara tari ko ta ƙi zama a sulo, abin da ake fara kai wa sukudireba shi ne kafireta. A kan Datsun 240Z wannan ɗabi'a ta fi ɓarna, domin kafiretocinta biyu ne, kuma kowace ana iya murɗa ta har ta rufe ciwon da ke wani wuri na kwana biyu. A ƙara mata mai, injin ya lafa, mai mota ya biya ya tafi, kafin mako ya zagayo fulogi sun yi baƙi ƙirin. Kafireta ba ta haifar da ƙarfi. Iskar da injin ya zuƙa take aunawa, ta ba da fetur daidai da ita. In zuƙar ta lalace, awon ma ya lalace, don haka daga ƙasa ake fara aikin.

Nissan ta ƙera motar daga 1969 zuwa 1973. Injinta L24 ne, silinda shida a jere, cc 2,393, faɗin silinda milimita 83, tafiyar fistin milimita 73.7, kamshaf ɗaya a sama da sarƙa ke ja. Ita ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, saboda haka ƙurar Gusau da zafin Afrilu ba baƙi ba ne a wurinta, matuƙar an haɗa ta yadda aka tsara. Injinta danginsa ɗaya da injinan Laurel da 240K da 280C da tsohuwar Patrol, shi ya sa akan dace da sarƙa, kwantak da filta a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Amma a yi hattara da kayan ciki. Fistin L28 milimita 86 ne, kuma konrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) na L24 tsawonsa milimita 133, na L26 da L28 kuwa 130.2. A ido kamar ɗaya suke. Ka sa gajere a kan karanshaf na L24, fistin ba zai kai sama ba, matsi ya zube, ka yi ta zargin kafireta har ka gaji.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, auna matsin silinda. Injin da zafi, fulogi duka a waje, totur a buɗe har ƙasa, sannan ka ɗaga fistin da ke cikin kowace kafireta don iska ta shiga. Lafiyayyen L24 na ba da kilo 12 zuwa 13 a kan kowane santimita murabba'i, kuma mafi ƙanƙanta kada ya gaza kashi 80 cikin 100 na mafi girma. Silindar da ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In ta tashi, zobe ne. In ba ta motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Wannan awon na minti goma shi zai faɗa maka ko tof silinda kaɗai za ka sauke ko injin gaba ɗaya.

In tof kaɗai ne, ga tarkon da ya fi kama waɗanda ba su saba da wannan injin ba. Abin da ke ɗame sarƙar tayimin yana can ƙasa cikin murfin gaba, sifirin na turo shi. Ka cire giyar kamshaf ba tare da ka tokare sarƙar ba, ta saki, ya fito daga gidansa, kuma ba ya komawa sai an cire lagireto, fule da murfin gaba. Aikin yini ya zama na kwana uku. Maganinsa ɗan katako ne da aka fiƙe, a cusa shi tsakanin ɓangarorin sarƙar biyu ya matse, a ɗaura masa igiya a kai don jawo shi daga baya. Kusoshin tof goma sha huɗu ne, masu ramin alanki milimita 10, kuma tsayinsu ba ɗaya ba ne, don haka ka jera su a kwali yadda suka fito. Akwai wasu ƙanana biyu a gaba da ke riƙe tof da murfin sarƙa. Wanda ya manta da su ya sa ƙarfe ya ɓanɓara, alminiyom ne zai tsage.

Tof ɗin ka ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe ka zura fila gej a ƙasa. Lanƙwasar da ta wuce milimita 0.1 sai an kai wa masu injin sharewa, kuma ka roƙe su su ci kaɗan. Duk abin da aka share yana sauko da kamshaf kusa da karanshaf, sarƙa ta yi sako-sako, tayimin kam ya ja baya. Ramuka uku masu lamba 1, 2, 3 da ke jikin giyar kam don gyara irin wannan aka yi su. Kowane roka ya koma kan ƙullin kam da ya saba da shi. Bututun da ke fesa wa kam mai, a tof ɗin farko-farko, ka busa shi da iska ka tabbatar kowane rami na fitarwa; rami ɗaya ya toshe, ƙulli ɗaya ya cinye.

A ƙasa kuwa awo ne kawai, ba ganin ido ba. Sabon zobe a tura shi cikin silinda da kan fistin don ya zauna daidai, a auna bakinsa: na sama milimita 0.23 zuwa 0.38. Ya matse fiye da haka, zafi ya buɗa shi, bakin ya haɗu, ya karce silinda. Metal na konrod, wato farantin da ke tsakaninsa da karanshaf, na son tazarar milimita 0.025 zuwa 0.055. Sanya sabon zobe a silindar da ta yi santsi kamar madubi, ba a goge ta da dutsen honin (dutsen goge cikin silinda) ba, asarar kuɗi ce, hayaƙi zai dawo. Bayan gogewa a wanke da ruwan zafi da omo har farin tsumma ya fito fari, a busar, a shafa mai nan take. Fetur ba ya ɗauke garin dutsen. Kuma a lokacin hunturu kada a bar buɗaɗɗen injin a filin gareji ko na sa'a ɗaya. A rufe da leda. Manyan metal bakwai ana ɗaure su kilo-mita 4.5 zuwa 5.5, tof kuma hawa uku, 4, sannan 6, sannan 6.5 zuwa 8.5, daga tsakiya zuwa gefe. Da sifanar awo, ba da ƙarfin damtse ba.

Famfon baƙin mai da distirbita sanda ɗaya ke juya su. Fistin silinda ta ɗaya na sama a bugun matsi, harshen sandar ya tsaya kamar hannun agogo a 11:25, ƙaramin ɓangaren na duban gaba. Haƙori ɗaya ya kuskure, sai ka ga distirbita ta ƙure iyakarta tayimin bai zo ba.

Batun tamostat: al'adar cire shi a jefar ba ta da amfani a nan. Nissan na da na ƙasashen zafi mai buɗewa a digiri 76.5, shi za a nema. Injin da ba ya tsayawa a zafi ɗaya ba a iya saita kafiretarsa, da asuba wani abu, da azahar wani abu. Ruwan rijiyar burtsatse kuma shi ke toshe lagireto da farin ƙanzo yana cin alminiyom. A sa ruwan batir, wato tataccen ruwa mara asid, da maganin lagireto.

Injin ya tashi, ya yi zafi, sai bawul: na shiga milimita 0.25, na fita 0.30. Da sanyi 0.20 da 0.25. Bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara, shi ya sa ake son sa, amma ba ya rufewa sosai, sulo ya yi ta rawa, daga baya ya ƙone. Gara ɗan kas-kas. Daga nan wuta: bakin kwantak 0.45 zuwa 0.55, fulogi NGK BP6ES a 0.8 zuwa 0.9, jerin wuta 1-5-3-6-2-4. Girgiza sandar distirbita. In tana lilo, bakin kwantak na canzawa da kowane juyi. Lambar tayimin ta danganta da distirbitar da ke kai, ta Amurka digiri 5 ce a sulo, ta wasu ƙasashen 17, kuma bayan shekara hamsin ba lallai ta asali ce a motar ba. Abin dogaro shi ne jimilla: cire tiyon iska na distirbita, kai injin juyi 3,000 zuwa 3,500 a minti, fitilar tayimin ta nuna digiri 32 zuwa 35. In kana jin ƙarar tsakuwa a gwangwani lokacin hawa, mayar da digiri biyu. Fetur ɗin galan da aka gauraya da kananzir na kawo wannan ƙarar ko tayimin na daidai, kuma fistin yake ci.

Yanzu kafireta. Hitachi ce ta ƙera su a kan tsarin SU na Ingila, baki milimita 46. Na 1970 zuwa 1972 masu zagayayyen kai ne, su ake nema. Masu shafaffen kai na 1973 an yi su ne don dokar hayaƙin Amurka, kuma ba sa shiri da zafi. Ba tarin jet a cikinsu. Fistin ne guda a cikin ƙoƙo, zuƙar injin na ɗaga shi, yana ɗauke da allura mai tsini da ke fita daga ramin jet ɗaya. Yana hawa, rami na buɗewa. Ke nan abin da zai ɓace kaɗan ne, amma kowanne yana da muhimmanci.

Ƙoƙo da fistinsa tare aka auna su a masana'anta. Kada na gaba ya koma baya, kada samfefa ta taɓa su, tsumma da fetur sun isa. Kafaɗar allura ta yi daidai da gindin fistin. Cire sandar dampa, wadda ke cikin mai a saman ƙoƙo tana rage saurin hawan fistin, ɗaga fistin da yatsa ka saki: ya sauka sumul ya ce ƙas. In ya tsaya a hanya ko ya sauka shiru, allura na gogar jet, ko ta lanƙwashe. Jet ɗin da allura ta daɗe tana goga ramin ya zama kamar ƙwai, ba murɗin da zai hana shi zubar da mai. Sannan kama sandar totur ka girgiza. Nan ne ainihin tsufan waɗannan kafiretocin: gidan sandar ya cinye, iska na satar hanya, sulo ya ƙi sauka ko ya riƙa hawa da kansa. Fesa ɗan mai a bakin sandar injin na aiki. In sautin ya canza, sai an sa sabon bushin. Ɗan tiyon da ke kai mai daga kofin fulot zuwa jet kuma dole ya zama mai laushi. In aka sa tiyo mai tauri, ka ja cok jet ya sauka, ka mayar ya ƙi komawa, motar ta yi ta shan mai ba wanda ya san dalili.

Tsayin mai a kofin fulot shi ne ginshiƙi. Sa tiyo mai gani a ƙasan kofin ka miƙar da shi sama, a juya injin. A kafiretocin da ƙoƙonsu ke da kusoshi huɗu man ya tsaya milimita 23 ƙasa da bakin kofin. Matsin famfon fetur kada ya wuce kilo 0.3 a kan kowane santimita murabba'i. Famfon lantarki na motar zamani da ake ɗaurawa ya fi ƙarfin allurar fulot, fetur ya yi ambaliya, kuma manifol ɗin salansa na nan ƙasan kafiretocin kai tsaye. Farantin da ke kare zafi tsakaninsu ba ado ba ne. Babu shi, ka tsaya a Tudun Wada da azahar minti biyar, fetur ya tafasa a kofi, mota ta ƙi tashi sai ta huce.

Saiti: murɗa notin ƙasan kowace kafireta sama har ya tsaya, ka sauko da shi juyi biyu da rabi. Ƙasa ƙarin mai, sama ragi. Cire filtar iska, sassauta kusar da ke haɗa su don kowace ta tsaya da ƙafarta. Da ma'aunin iska, ko guntun tiyo a kunne kana ɗora bakinsa wuri ɗaya a kowace, daidaita kusoshin sulo har huci ya zama iri ɗaya a juyi 750. Sannan ka ɗaga zuwa 1,400 da kusar tsakiya, ka daidaita da kusar haɗi, ka saki ta tsakiyar gaba ɗaya. Masu yawa a sulo suke tsayawa, shi ya sa motar ke da daɗi a tsaye, tana tashi silinda uku na jan uku.

Gwajin mai kuwa ɗaga fistin kafireta ne kamar milimita ɗaya da bakin sukudireba. Juyi ya hau ya zauna a sama, mai ya yi yawa. Ya faɗi kamar zai mutu, ya yi kaɗan. Ya ɗan hau ya dawo, ka samu. Kwata-kwatan juyi za ka riƙa yi, kana ba da wuta tsakani don manifol ya share. Su biyun su ƙare kusa da juna. In ɗaya na juyi biyu ɗaya na huɗu, koma kan fulot ko satar iska. Man dampa SAE 20 ne, man giyar otomatik ma na yi. Dampa ta bushe, ka taka totur fistin ya yi tsalle, motar ta shaƙe kafin ta ja. 20W-50 kuma na sa ta nauyin tashi.

Mayar da filta, ta takarda mai kyau wadda bakinta ke zama ruf, ka sake duba sulo. Sai titi, da rana, ta hanyar Kwatarkwashi: giya ta uku daga juyi 2,000 zuwa 3,500, a saki ta sauko da kanta, sau goma, don zobe ya zauna. Bayan tafiya mai ɗan nisa ka kashe ba tare da dogon sulo ba, ka ciro fulogi na 2 da na 5, ɗaya daga kowace kafireta. Launin ƙasa-ƙasa ake so a duka biyun; baƙi mai gari yawan mai ne, fari fat ƙaranci. A kilomita 800 a zubar da baƙin mai da filta, kusan lita biyar yake ci, a sake bin kusoshin tof da sanyi, a sake auna bawul, domin sabon gasket ya kwanta kuma tazarar ta motsa.