Kafa nod na Bitcoin a Garwa ko Njamena: wuta, data da zafi

Nod ba ya biyan kuɗi. Gara a faɗi wannan tun kafin a taɓa aljihu, domin samari da yawa a Garwa da Marwa suna haɗa shi da haƙar Bitcoin, wadda ita ke kawo lada kuma take cin wutar da gida ba zai iya ɗauka ba. Nod kwamfuta ce kawai da ke riƙe da kundin cinikin Bitcoin, tana bin kowane bulo, wato kowane ƙunshin ciniki da ake ƙarawa a kundin, tun na farko, na ranar 3 ga Janairu 2009, tana tantance shi da kanta. Ribarka ita ce idan aka ce an turo maka kuɗi, injinka ne zai tabbatar, ba sai ka tambayi wani kamfani ba, kuma ba ka nuna wa baƙo adireshinka na Bitcoin da abin da ke ciki. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya kafa maka nod mai ba da riba kullum, damfara ce, ka rabu da shi.

Ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Abin da ke kayar da mutane a yankinmu uku ne: data, ɗaukewar wuta, da zafi.

Mu fara da inji. A intanet za ka ga ana ta yabon wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi da manhajojin kafa nod irin su Umbrel. Suna aiki, amma a nan tsohuwar laftof ta fi su, saboda dalili ɗaya: tana da batir a cikinta. Idan wuta ta ɗauke, ba ta mutuwa nan take. Nemi mai ƙwaƙwalwar RAM giga 8, kuma ka sa mai shago ya cire caja a gabanka ka ga ko batirin zai riƙe ko da awa ɗaya. Ma'ajiyar kuwa lallai ta zama SSD, wato irin mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa. Tsohon faifai mai juyawa yana iya mai da aikin kwana huɗu ya koma na makonni, domin manhajar tana karatu da rubutu ƙanana-ƙanana ba iyaka, shi kuma allurarsa ba ta iya wannan gudun.

Kundin ya haura giga 600, kuma kullum ƙaruwa yake. Mai son ajiye shi duka ya sayi SSD mai tera 2, don tera 1 ta kusa cika. Mai ƙaramar ma'ajiya yana da mafita: a sa manhajar ta riƙa share tsofaffin bulo bayan ta tantance su. Da wannan datsewar, sararin giga 30 ma ya wadatar. Amma a kula, nan ne kusan kowa ke yin kuskure: datsewa tana rage wurin ajiya ne kawai, ba ta rage data. Dole duk gigan nan sama da 600 su ratsa layinka sau ɗaya. Kafin ka danna komai, ɗauki farashin giga ɗaya a layin da kake amfani da shi, MTN ko Orange a Kamaru, Airtel ko Moov a Cadi, ka ninka sau 700. Lissafin zai nuna maka cewa da datar waya ba a fara wannan aiki.

Hanya biyu ce mai hankali. Ko ka kai laftof ɗin inda ake da intanet na wata-wata marar iyaka, da izinin mai wurin, ta kwana uku zuwa bakwai a can. Ko kuma, in akwai wanda ka sani yana da cikakken nod marar datsewa, ku haɗa injinan biyu a kan rauta ɗaya, wato na'urar raba intanet, ka rubuta connect= da lambar injinsa ta kan rautar (IP) a fayil ɗin saitin manhajarka. Bulo za su zo ta waya daga ɗaki ɗaya, ba a taɓa data ba, kuma injinka zai tantance kowanne kamar daga nesa ya zo, saboda haka ba amana ka ba shi ba. In an gama, ka goge connect= ɗin nan, in ba haka ba nod ɗinka ba zai nemi kowa ba sai shi.

Manhajar sunanta Bitcoin Core, kuma daga bitcoincore.org kaɗai ake sauke ta. Kada ka karɓa ta WhatsApp ko a filashin wani. A shafin akwai fayil mai suna SHA256SUMS. Ka fitar da lambar tantancewa (SHA256) ta abin da ka sauke ka gwada da wadda ke ciki, harafi da harafi. In sun saɓa, goge. Da ka buɗe ta karon farko za ta tambaye ka inda za ta ajiye kundi da ko kana son datsewa. Mafi ƙanƙanta da take yarda da shi mega 550 ne, amma in da sarari ka ba ta giga 10 ko 20.

Daga nan sai haƙuri. Shekarun farko za su wuce kamar iska, don bulo na lokacin kusan babu komai a cikinsu, har ka ɗauka zuwa magariba an gama. Da an shigo 2017 sai tafiya ta yi nauyi, fanka ta fara kuka. Ba lalacewa ba ce. Ka hana laftof ɗin yin barci idan an rufe murfi, ka kuma duba agogonta da kwanan wata, domin tsofaffin injina kan ɓata lokaci, manhajar kuma ba ta son haka.

Yanzu wuta, inda aka fi yin kuka. Manhajar tana tara aiki a RAM kafin ta zuba shi a ma'ajiya. Saitin dbcache ne ke faɗin yawan abin da za ta tara; in ka ɗaga shi zuwa mega 4000 a inji mai RAM giga 8, aiki zai yi sauri sosai, amma in inji ya mutu ba shiri, duk abin da ba a zuba ba ya tafi. Wannan ma da sauƙi. Mai zafin shi ne wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, kundin ya gurɓace, manhajar ta ce sai an sake gini. Mai cikakken kundi zai sake ginawa daga abin da ke ma'ajiyarsa. Mai datsewa kuwa tsofaffin bulo ba sa nan, sai ya sake sauke komai daga 2009. Don haka mai datsewa shi ya fi kowa bukatar batir. Da zarar an gama saukewar farko, rufe manhajar yadda ya kamata, ka jira har tagar da ke cewa kada a kashe ta ɓace, sannan ka kwafe foldar da manhajar ke ajiye kundi gaba ɗaya zuwa wata ma'ajiya. Ran da abu ya ɓaci, daga nan za ka tashi.

Lissafin batir ba wuya. Laftof da rauta su ci wat 25, awa 10 babu wuta wat-awa 250 ke nan. Batirin sola mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1200, amma in na ruwa ne rabi kawai ake ja don kada ya mutu da wuri. Ya isa dare guda har da saura. Kuma nod ba dole ya kwana a kunne ba. In ka kashe shi kwana biyu, zai kamo inda aka tsaya.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Kusiri da Njamena ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano tanda ne. Inji in ya yi zafi yana rage gudu da kansa, in ya wuce kima ya mutu. Kada a ɗora shi kan katifa ko darduma. Sa katako biyu a ƙarƙashinsa iska ta ratsa, a ɗakin da ya fi sanyi. Bayan hunturu kuma a buɗe bayansa: za ka tarar ƙura ta yi kamar auduga a bakin fanka, a share ta da busasshen burushi.

Bayan an kamo, cin data yana sauka ƙwarai. Bulo ɗaya kusan kowane minti 10, wajen 144 a rana, giga 10 a wata ko ƙasa da haka in ka rubuta blocksonly=1. Sai dai da wannan saitin ba za ka ga kuɗin da aka turo ba sai sun shiga bulo, kuma manhajar ba za ta iya ƙiyasta maka kuɗin aikawa ba. Idan ka ga haɗi 10 kawai da wasu nod kuma babu mai shigowa ta ƙofa 8333, wadda sauran nod ke bi su iso ga naka, kada ka damu: layukan waya suna cusa mutane da yawa bayan adireshin intanet ɗaya ne, kuma tantancewarka ba ta ragu da komai ba.

Kada ka yi gaggawar zuba kuɗi a jakar ajiyar kuɗi (wallet) da ke cikin Bitcoin Core. Ba ta ba da kalmomi 12 na maido da jaka irin na jakar waya. Makullanka suna cikin fayil ɗin wallet.dat, in ma'ajiya ta mutu babu kwafi, sun tafi. Nod mai datsewa kuma ba zai iya binciko tsohon tarihin jakar da ka shigo da ita ba, sai ka buɗe sabuwa. Game da saye da sayarwa da sefa, ka sani tun 2022 hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan yankinmu ta hana bankuna da cibiyoyin kuɗi mu'amala da kirifto, wato kuɗaɗe irin su Bitcoin, don haka in ciniki ya rikice, ba bankin da zai tsaya maka. Gwada da ɗan abin da ba zai dame ka ba in ya salwanta, ka ga ya shigo, ka ga ya fita, ka maido da jakar daga kwafinka sau ɗaya tukuna.