Littafi goma sha ɗaya, da wanda na karanta wa Baba

A farkon Janairu na ja layi ashirin da huɗu a shafin ƙarshe na wani littafin rubutu, na ƙudurta zan riƙa gama littafi biyu kowane wata. Jiya bayan sallar isha'i na ɗauko shi na ƙirga. Layi goma sha ɗaya na cike, sauran suna nan fayau.

Na san inda lokacin ya tafi. Ina koyarwa a wata firamare a Gwale, na zaci zan riƙa karatu a cikin adaidaita sahu daga Sharaɗa zuwa makaranta, ashe girgiza da cunkoso ba za su bar ido ya zauna a kan layi ba. Da azumi Alƙur'ani na sa a gaba, shi kuwa ba na sa shi cikin wannan lissafi. Sai waya. Na bi labarai uku da ake saki shafi-shafi a WhatsApp, akwai mai daɗi ƙwarai a ciki, amma karatun da saƙo ke katse shi kowane minti biyu ba ya zama a zuciya.

Bayan ƙaramar salla ne shekarar ta juya mini. Yanar ido ta matsa wa Baba har ya daina ganin rubutu, mutumin da na taso ina gani da jarida a hannu kullum a soron gidanmu na Yakasai. Wata Juma'a na je gaishe shi, na tarar ya riƙe tabarau yana juya shi a hannu. Ya ce, "Uwata, ko za ki nemo mini Magana Jari Ce ki riƙa karanta mini? Rabona da shi tun ina firamare." Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Washegari na shiga Sabon Gari na sayo na ɗaya, bugun NNPC, kamfanin buga littattafai na Zariya. Littafin Abubakar Imam ne, ya fara fitowa a 1937, kuma ni ma na karanta shi ina yarinya. Amma karatu a zuci daban, karatu a bayyane daban. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna dogon wasali da gajere. Idan kina karantawa ke kaɗai, ido zai wuce "gari" ko "kuka" ko "fari" ba tare da kin tsaya ba. Idan kuwa baki zai furta, dole ki san garin zama ne ko garin tuwo, kukan ido ne ko kukar miya, tun kafin ki isa ƙarshen jimla. Sau da yawa na yi tuntuɓe, Baba ya gyara mini idonsa a rufe. Wata rana ya ɗaga hannu ya ce, "Sassauta, Uwata. Aku ne yake ba ɗan sarki labari don ya hana shi fita, ba sanarwa yake yi ba." Daga ranar na fara ba kowane mai magana muryarsa.

Kafin wata guda, jikoki da yaran maƙwabta sun gane lokacin. Da an idar da la'asar sai su cika tabarma, Inna kuma ta jawo kujerarta kusa da ƙofar soro tana tsince shinkafa, tana ji. Wata huɗu muka yi kafin mu gama na ɗaya da na biyu. A lissafina layi biyu ne kacal, amma su ne na fi tunawa a shekarar nan, kusan kowane labari na san inda Baba ya yi dariya da inda ya yi shiru.

Shi ne ya tuna mini gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, wadda ta haifar da littattafai biyar. Na nemo biyu na karanta ni kaɗai: Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na biyun ya taɓa ni sosai. Uwar da ta bi sahun ɗanta da aka sace har ta ƙetare Sahara ta hana ni barci dare biyu, kuma na yi mamakin yadda na kai wannan shekaru ina sanin marubucin a matsayin Firayim Minista kawai.

Baɗi in Allah Ya kai mu ba zan ja layi ashirin da huɗu ba. Zan nemi ukun da suka rage: Ganɗoki, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Sannan akwai wata tsohuwar adaka a ɗakin Baba, cike da waƙoƙin wa'azi da Kakanmu ya kwafa da hannunsa cikin ajami, tawadar ta fara dusashewa. Ajamina yana da rauni, na riga na yi magana da wata malama a unguwarmu za ta riƙa zama da ni ranar Asabar. Ina so in karanta wa Baba rubutun mahaifinsa da bakina.

An sa ranar yi masa aikin ido bayan hunturu, muna roƙon Allah Ya sa a dace. Na tambaye shi ko in ya warke zai karɓi littafinsa ya ci gaba da kansa. Ya ce a'a, ni zan ƙarasa. Juma'ar nan za mu buɗe na uku.