Abin da kwangilar yashe magudanan kasuwa ta koya mini

Lokacin da aka naɗa ni kansila mai gafaka mai kula da sashen ayyuka a ƙaramar hukumarmu, na ɗauka cewa bayar da kwangila abu ne da ake gamawa a zama ɗaya: a karanta takardu, a zaɓi wanda ya fi sauƙin farashi, a sa hannu. Aikin farko da ya biyo ta hannuna, wato yashe magudanan ruwan babbar kasuwarmu da kwashe sharar da ta taru a cikinsu kafin damina, shi ne ya raba ni da wannan tunani.

Aikin kuwa namu ne, babu wanda za mu tura wa. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da magudanan ruwa da kwashe shara, saboda haka idan kwata ta toshe a kasuwa, ƙofarmu za a buga. A farkon shekarar 2023 muka zauna a kwamitin kuɗi da ayyukan yau da kullum, shugaba yana jagoranta, ga sakatare, ga ma'aji, ga shugabannin sassa. Kamfanoni uku ne suka nemi aikin, kowanne ya kawo shaidar rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da takardar shaidar biyan haraji. Muka duba takardu suka cika, muka bai wa wanda kuɗinsa ya fi ƙanƙanta. Ba wanda ya tambaya ko yana da tifa ko ta haya zai ɗauko, ni ma ban tambaya ba. Abin da aka rubuta a takardar kwangilar jimla ɗaya ce tak: a yashe magudanan kasuwa, a kwashe shara. Ba a faɗi tsawon magudanan ba, ba a faɗi inda za a kai abin da aka yaso ba, ba a kuma faɗi wanda zai shaida cewa an kai ba.

Kafin amincewa ta dawo daga ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha, a saki kuɗin kafin alƙalami, watan Mayu ya yi nisa. A ranar 29 ga watan aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Leburori suka ƙara kuɗin yini saboda kuɗin mota ya ninka, masu tifa ma suka bi sahu. Ɗan kwangilar ya sa yaransa suka shiga kwata da shebur da manjagara, suka yaso baƙin taɓo da ledojin ruwa da ƙasusuwan mahauta, suka jibge su a bakin magudanar, tsibi-tsibi, da sunan sai sun tsane za a kwashe. Ranar da na je duba aiki, aka bi da ni ta ƙofar gabas inda aka riga aka share, na leƙa na ga ƙasan siminti fes, na koma ofis na sa hannu a takardar shaidar kammala aiki. Layin 'yan hatsi da bayan mayanka ban taka su ba, kuma wannan sakaci nawa ne ni kaɗai.

Ruwan sama mai ƙarfi na farko ya mayar da tsibin nan duka cikin magudana a dare ɗaya. Kwalbatin da ke tsakiyar kasuwa ya toshe, ruwa ya juyo ya shiga rumfuna. Da safe na tarar da wata dattijuwa mai sayar da gero tana shanya jiƙaƙƙen hatsi a kan buhuna da ta farke, tana tsince leda daga ciki da hannu, ba ta ce da kowa komai ba. Sarkin kasuwa ya ja ni gefe ya ce, "Honarabul, da ka neme ni ranar da ka zo, da na nuna maka bayan mayanka." Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne." Ya ce, "Ba laifi nake nema ba, ɗana, magudanar nake so ta buɗe."

Da muka kira ɗan kwangilar gaban kwamiti, sai ya buɗe takardarmu ya ce a nuna masa inda aka rubuta tifa nawa zai kwashe ko jujin da zai kai. Ya ƙara da cewa farashin da ya bayar na watan Fabrairu ne, kuma kowa ya san cewa cikon kuɗinsa sai ya jira asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, bayan an cire harajin VAT na kashi 7.5 da sauran haraji. Raina ya ɓaci da shi, amma da na natsu sai na ga cewa rabin maganarsa gaskiya ce. Wanda ya san za a ja masa rai wajen biya, ko dai ya cusa kuɗin jira a cikin farashi, ko ya karya farashi don ya samu aikin sannan ya rage aikin a ɓoye, kuma mu da kanmu muka zaɓi na biyun da muka bi araha ido rufe.

A shekarar da ta biyo baya na fara rubuta takardar neman amincewa tun watan Janairu, domin a gama aiki kafin hadari ya fara haɗuwa. Ni da injiniyan sashe da duba-gari muka ɗauki awo muka bi kowace magudana, muka rubuta tsawonta da sunan layin da take, muka kuma ambaci jujin da za a kai shara da sunansa. Muka sa sharaɗi cewa duk abin da aka yaso a kwashe shi cikin kwana biyu. Na nemi kowane mai neman aikin ya kawo shaidar motar da zai yi amfani da ita, kuma na roƙi sakatare ya rubuta a bayanin zama dalilin da ya sa aka zaɓi wanda aka zaɓa, domin a zaman bara layi ɗaya kawai aka rubuta, wanda bai isa ya kare kowa ba idan masu binciken kuɗi suka zo. Wanda ya samu aikin ba shi ne mafi araha ba, kuma sai da na sha tambayoyi a kan haka, har daga 'yan jam'iyyarmu da suke da nasu mutumin.

Abin da ya fi amfani shi ne littafin da muka ajiye a hannun sarkin kasuwa. Duk tifar da ta fita da shara sai an rubuta lambarta da lokacinta, duba-gari ya sa hannu, sarkin kasuwa ya sa nasa, kuma ma'aji ba ya karɓar takardar biya sai da wannan littafi a haɗe. Muka raba biyan gida uku, muka riƙe kason ƙarshe har sai ruwa mai ƙarfi ya sauka an ga yadda magudanan suka ɗauke shi.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Na yi murna da hukuncin, domin jinkirin biya yana korar 'yan kwangila masu amana. Sai dai takardar da ta jawo wa dattijuwar nan asarar geronta a ofishinmu aka rubuta ta, ni kuma na sa mata hannu, babu ruwan jiha a ciki. A daminar 2024 ruwa bai shiga layin 'yan hatsi ba, amma bayan mayanka ya ɗan kwanta saboda kwalbatin wurin ya yi ƙanƙanta, kuma na bar takardar neman faɗaɗa shi, da awonsa a ciki, ga wanda ya gaje ni.