Wai ulu aka shanya

Da safe lafiya lau. Har da 'yar waƙata ina warware zaren da Auta ya cukurkuɗa min jiya.

Bayan la'asar Yaya ta leƙo ɗakin aiki, ta tarar na buɗe hotunan aikin Cecilia Vicuña, mai fasaha 'yar ƙasar Chile, wanda ta rataya a gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan a 2022. Tsawonsa mita 27. Ulu ne da ba a kaɗa ba, da zaren tsirrai, da igiya, da tarkacen da matan Latin Amurka mazauna birnin suka tsinto a gaɓar kogin Thames, duk fari fat kamar ƙashin da ya sha rana. Nan na hau zuba: ai kipu ne, igiyar ƙulle-ƙulle da mutanen tsohuwar daular Inka ta Kudancin Amurka ke ajiye lissafin haraji da ƙidayar jama'a da ita. Inda ƙulli ya zauna a jikin zaren shi ke nuna ɗaya ne, goma ne ko ɗari. A 1583 taron manyan coci a birnin Lima na ƙasar Peru ya ce a lalata waɗanda ake zargin na bautar gargajiya ne.

Ta saurara tsaf. Sai ta ce, "To ke, ita me ta rubuta a nata?"

Na ce, "Yaya, ba rubutu ta yi ba."

"Au, ashe ulu kawai aka shanya." Ta ja ƙofa ta yi gaba abinta.

Na ƙulu. Amsar ma sai da ta tafi ta zo min. Kipu na lissafin an daɗe da gano kansu, tun aikin masani Leland Locke a farkon ƙarni na 20, amma waɗanda ake kyautata zaton labari suke ɗauke da shi, har yau babu mai iya karanta su. Ko matar nan ta so rubutawa, wa zai koya mata? Ƙullin ya rage, masu karatun sun tafi. A ganina wannan rashin ne ta rataya, kuma ya isa a rataya shi.

Sai dai tambayar ta ƙi tsayawa a kan Vicuña, ta dawo kan ramar da nake saƙawa. Vicuña ta san takamaimai abin da aka raba mutanenta da shi. Aboubakar Fofana, marini ɗan Mali, shekaru ya kwashe yana bin tsofaffin marina kafin ya iya haɗa baba da ganye zalla. Ni fa? Na zaɓi rama ne don tana da wata magana game da mu, ko don na lura duk wanda ya ga zare mai kaushi sai ya gyaɗa kai ya ce ga asali? Da a ce aikina Yaya ta nuna, ban san me zan ce mata ba.

Bayanin aikina da masu baje koli ke jira, ko layi ɗaya ban ƙara ba.

Umma ta kira, ƙafarta da sauƙi. Man shafawa ya ƙare, ga rama ta cinye min 'yan yatsu.